Shin Samudawa ne suka gina Stonehenge da sauran tsofaffin wuraren Birtaniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji cewa Turawan Ingila na da suna kiran Stonehenge "rawar ƙattai", kuma wai a Landan akwai gumaka biyu masu suna Gog da Magog. Ga kuma hotunan manya-manyan ƙwarangwal da ke yawo a Facebook. Shin da gaske Samudawa sun zauna a Birtaniya har suka yi waɗannan gine-gine? Kuma akwai alaƙa da Yajuju da Majuju?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A taƙaice, a'a. An fi shekara 200 ana tona kaburbura da ganuwoyin wannan tsibiri, ba a taɓa ciro ƙasusuwan wata al'umma ta ƙattai ba. Abin da ake samu ƙashin mutane ne masu girman jikinmu. A cikin Stonehenge kanta, wato da'irar manyan duwatsu a kudancin Ingila, wasu a tsaye wasu an ɗora su a kwance a kansu, an tono ragowar gawarwakin mutum sama da 60 da aka ƙona kafin a binne. A 2002 kuma, a Amesbury da ke kusa da wurin, an gano kabarin wani mutum da aka binne wajen shekara ta 2300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da kan kibiyoyinsa na dutsen ƙanƙara da wuƙaƙen jan ƙarfe. Ƙoƙon gwiwarsa ta hagu babu shi, alamar ya yi rayuwa yana ɗingishi, kuma binciken haƙoransa ya nuna a yankin tsaunukan Alps ya taso. Mutum ne kamar ni da kai.

Idan na ce Samudawa a nan, ina nufin yadda muke faɗa a hirar yau da kullum, wato masu girman da ya wuce misali. Ba mutanen Annabi Salihu (AS) nake nufi ba. Wannan fagen malaman tafsiri ne, kuma ƙissarsu ba ta shafi Birtaniya ba.

Sai dai ban so ka tsaya a kan "a'a" ɗin nan ka watsar da labaran. Ni a wurina suna da daraja ƙwarai, domin su ne shaidar yadda al'umma ke manta waɗanda suka riga ta zama a ƙasa, da abin da take cike gurbin mantuwar da shi.

Birtaniya ta ga baƙi bi da bi. Manoman farko sun iso wajen shekara ta 4000 kafin Miladiyya, su ne masu jera manyan duwatsu. Romawa sun ci ƙasar a shekara ta 43 Miladiyya, mulkinsu ya ƙare wajen 410. Sai ƙabilun Anglo-Saxon suka ƙetaro daga arewacin Turai, sai 'yan Viking, maharan teku daga Scandinavia, sai Normawa daga arewacin Faransa a 1066. Kowane baƙo ya tarar da gine-ginen da babu mai ba shi labarinsu da harshensa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin wata tsohuwar waƙa ta Ingilishin da, wadda aka fi sani da The Ruin, a cikin kundin Exeter na ƙarni na 10. Shafin ma wuta ta ci wani ɓangarensa. Mawaƙin ya tsaya a wani kango yana kwatanta rufin da ya rufta, hasumiyoyin da suka zube, da wurin wanka mai ruwan zafi, sai ya kira ginin "aikin ƙattai". Masana da yawa suna ganin birnin Bath yake nufi, inda Romawa suka gina wuraren wanka a kan maɓuɓɓugar ruwan zafi. To mu yau mun san maginan nan. Ga rubutunsu a jikin duwatsu, ga kuɗinsu da aka tsinto dubbai a cikin maɓuɓɓugar, har sunayen wasunsu muna da su. 'Yan ɗaruruwan shekaru ne kawai tsakaninsu da mawaƙin. Amma shi mutanensa da katako suke gini, ya ɗaga kai ya ga bangon dutse irin wanda babu mai iya yi a garinsu, sai ya ce wannan hannun ɗan'adam bai yi shi ba. Idan ginin Romawa ya koma aikin ƙattai cikin ɗan wannan lokaci, ina ga dutsen da aka kafa shekara 3,000 kafin zuwan Romawan? Mutanen yankin Tafkin Chadi sun san irin wannan: Kanuri da Kotoko suna ba da labarin Sao a matsayin ƙattai, amma da aka tona tuddansu, tukwane da kayan yumɓu na mutane irinmu aka samu.

Wanda ya tattara labarin ƙattan Birtaniya ya ba shi rigar tarihi shi ne Geoffrey na Monmouth, wani malamin coci da ya rubuta tarihin sarakunan Birtaniya da Latin wajen 1136. Ya ce tsibirin a da Albion ake kiransa, babu kowa cikinsa sai ƙattai kaɗan. Sai Brutus, zuriyar waɗanda suka tsira daga yaƙin Troy na almarar Girka, ya sauka da jama'arsa a Totnes, suka kora ƙattan cikin koguna. Wata rana ana biki, ƙattai 20 suka afka musu bisa jagorancin Gogmagog, mai tsawon kamu 12, wanda ke tuge itacen oak kamar tsinke. Aka kashe sauran, aka bar shi da rai domin Corineus, abokin Brutus, yana son ya gwada kokawa da shi. Gogmagog ya matse Corineus ya karya masa haƙarƙari uku, biyu a dama ɗaya a hagu. Corineus ya fusata, ya saɓa shi a kafaɗa, ya ruga bakin teku ya wurga shi daga kan dutse. Aka ba Corineus yankin kudu maso yamma, wai daga sunansa aka samo Cornwall.

Babu wata shaida cewa an taɓa yin Brutus. Tun a ƙarni na 12 wani marubucin tarihi, William na Newburgh, ya fito fili ya ce Geoffrey shaci-faɗi ya yi. Amma ka duba aikin da labarin ke yi. Ƙasa tana da masu ita, an mai da su dodanni marasa gari marasa doka, saboda haka wanda ya kawar da su bai ƙwaci komai ba, gyara ya yi. Masu mulki sun gane amfanin wannan sarai. A 1301 Sarki Edward na I ya aika wa Fafaroma Boniface na VIII wasiƙa yana kafa hujja da labarin Brutus, cewa babban ɗansa ne ya gaji Ingila, don haka Scotland, rabon ƙaramin ɗa, dole ta bi Ingila. Ka ga tatsuniya ta shiga takardar gwamnati.

Daga nan gumakan Landan suka samo asali. A bukukuwan tarbar sarakuna na ƙarni na 16 ana fito da siffofin ƙattai biyu, Gogmagog da Corineus. Da tafiya ta yi nisa aka manta Corineus, aka raba sunan Gogmagog gida biyu, ɗaya Gog ɗaya Magog, suka koma masu gadin birnin. A 1708 Richard Saunders ya sassaƙa su da katako aka ajiye a Guildhall, zauren majalisar birnin Landan. Bama-baman Jamus suka ƙone su a Disambar 1940, aka sassaƙa sababbi a 1953, su ne ke nan har yau. Duk shekara a watan Nuwamba ana zagaya titi da wasu na saƙar kwando a bikin Magajin Garin Landan. A Plymouth ma akwai takardun gari tun ƙarshen ƙarni na 15 da ke nuna ana biyan kuɗi a share siffar Gogmagog da aka yanka a ciyawar bakin teku, har aka shafe ta lokacin gina sansanin soja a shekarun 1660.

Alaƙa da Yajuju da Majuju kuwa a suna kawai ta tsaya. Gog da Magog suna cikin Baibul, a littafin Ezekiyel da na Ru'ya ta Yohanna, kuma su ne Alƙur'ani ya ambata a Suratul Kahfi da Suratul Anbiya. Turawan wancan zamani sun san sunan daga coci a matsayin abin tsoro, shi ya sa ya dace da ƙato abokin gaba. Gumakan Guildhall ba siffar Yajuju da Majuju ba ne, kuma babu nassin da ya kai su Ingila.

Mu dawo Stonehenge. Geoffrey ne dai ya kira ta rawar ƙattai. A faɗarsa, ƙattai ne suka ɗauko duwatsun daga can ƙuryar Afirka suka kafa a kan wani tsauni a Ireland, kuma duwatsun magani ne, ana wanke su a yi wa mara lafiya wanka da ruwan. Da Sarki Aurelius ya so ya gina abin tunawa da manyan Birtaniya da Saxon suka yi wa kisan yaudara a wurin sulhu, sai boka Merlin ya ce a ɗauko waɗancan. Aka tura mayaƙa 15,000, suka yi ta fama da igiya da tsani, dutse ko motsi. Merlin ya yi dabararsa ya sauke su cikin sauƙi, aka loda a jiragen ruwa.

Abin da bincike ya nuna ya fi wannan ban mamaki. An fara aikin wajen 3000 kafin Miladiyya da zagayayyen rami da aka haƙa a ƙasar alli, kuma an tsinci kayan aikin a gindin ramin: ƙahonin barewa da aka yi diga da su. Manyan duwatsun an kafa su wajen 2500 kafin Miladiyya, kowane kan kai tan 25, kuma binciken 2020 ya nuna galibinsu daga West Woods aka jawo su, tazarar kilomita 25. Ƙananan, masu tan 2 zuwa 5, daga tsaunukan Preseli na Wales suka fito, kusan kilomita 240. A 2024 aka gano cewa dutsen da ke kwance a tsakiya, mai nauyin wajen tan 6, daga arewa maso gabashin Scotland yake, nisan da ya haura kilomita 700. Afirka dai ba ta ciki.

Ka dubi saman dutsen da ya fi tsayi, wanda abokin tsayuwarsa ya faɗi. Za ka ga wani ƙululu da aka sassaƙa a kansa. A jikin na kwance da ya faɗo ƙasa kuma akwai ramin da aka fafe daidai girman ƙululun, domin idan aka ɗora ya shige ya riƙe. Dabarar masu aikin katako ce aka yi ta a dutse, da gudumar dutse, ana daka kaɗan-kaɗan. Wanda ke iya ɗaga tan 25 da hannu ba ya buƙatar wannan wahala. A Durrington Walls, kilomita 3 daga wurin, an tono gidajen da ake kyautata zaton na ma'aikatan ne, da murhunsu, da tulin ƙasusuwan aladun da suka ci. Shi ya sa nake jin ciwo idan aka ce ƙattai ne ko wasu halittu daga sama. Manoma ne marasa ƙarfe, marasa rubutu, suka haɗa kai suka yi abin da ya tsaya shekara 4,500, kuma haƙƙinsu ne a ce su suka yi.

Wasu masana na cewa da Geoffrey ya ce daga Ireland, can yamma, aka kwaso duwatsun, wataƙila wani ɓurɓushin gaskiya ne ya riske shi ta bakin kakanni, tun da Wales ɗin a yamma take. Ra'ayi ne mai daɗin ji, amma ni ban ɗauke shi tabbatacce ba. Tsakaninsa da maginan akwai shekara wajen 4,000 da sauyin harsuna da yawa.

Ƙattan mutanen karkara daban suke da na Geoffrey. Su ba ruwansu da sarauta, aikinsu bayyana dalilin da ya sa wani tsauni ko dutse yake inda yake. Cornwall ce matattararsu, kuma Robert Hunt ya tattara labaransu da yawa a littafinsa na 1865. Tsibirin St Michael's Mount wai Cormoran ne ya gina shi da farin dutse, matarsa Cormelian tana yi masa dako a haɓar zanenta. Da ya yi barci sai ta ɗauko koren dutse da ke kusa don ta huta da nisa. Ya farka ya kama ta, ya shure ta, igiyar zanen ta tsinke, dutsen ya faɗi. Yana nan a gefen hanyar da ake bi idan teku ta janye, ana kiransa Chapel Rock, kuma da gaske irinsa daban ne da na tsibirin. Wato masu labarin sun lura da bambancin duwatsu tun kafin masana su zo, bayanin ne kawai nasu. Haka labarin Bolster, wanda ke taka ƙafa ɗaya a St Agnes Beacon ɗaya a Carn Brea, mil 6 tsakani. Ya matsa wa waliyyiya Agnes da soyayya, ta ce ya cika mata wani ɗan rami a Chapel Porth da jininsa. Bai san ramin ya ɓulle cikin teku ba, ya yi ta zubarwa har ya ce ga garinku nan. Jan da ke jikin duwatsun wurin na ma'adinai ne, amma har yau da sunan jininsa ake nuna shi.

A Shropshire, tsaunin Wrekin wai shebur ɗaya ne na ƙasa. Wani ƙato ya ɗebo zai toshe kogin Severn ya nutsar da garin Shrewsbury, ya ɓace hanya, ya gamu da mai gyaran takalma ɗauke da buhun tsofaffin takalman mutane. Ya tambaye shi saura nawa a isa. Mutumin ya zazzage buhun ya ce duk waɗannan a hanyar dawowa daga can suka cinye. Ƙato ya karaya, ya zubar da ƙasar nan take. Giant's Causeway na Ireland ta Arewa, ginshiƙan dutse kusan 40,000 da narkakken dutse ya bari da ya huce shekara miliyan 50 zuwa 60 da suka wuce, an ce Finn McCool ne ya shimfiɗa shi don ya je ya kara da Benandonner na Scotland. Da ya ga girman abokin karawar sai ya ranta a na kare, matarsa ta naɗe shi a matsayin jariri. Benandonner ya leƙa ya ce idan jaririn haka yake ina ga uban, ya gudu yana rusa hanyar. Kusan kullum haka ake ƙarewa, ƙato na da ƙarfi, talaka ko mace na da dabara, dabara ce ke ci.

A Wales akwai tsaunin Cadair Idris, kujerar ƙato Idris, inda aka ce wanda ya kwana a kai zai tashi ko mawaƙi ko mahaukaci. Kada sunan ya ruɗe ka, na harshen Wales ne, bai haɗa komai da Annabi Idrisu (AS) ba. A tsibirin Anglesey kuma wani kabari mai shekara wajen 5,000 sunansa Barclodiad y Gawres, wato abin da ƙatuwa ta zubar daga haɓar zanenta.

Su kansu wuraren sukan ƙaryata labarin. A tsibirin Hoy na Orkney, tsibiran da ke arewacin Scotland, akwai Dwarfie Stane, dutse guda mai tsawon mita 8 da rabi da aka fafe cikinsa. Wani rubutu na ƙarni na 16 ya ce gidan wani ƙato ne da matarsa. Ƙofar ba ta wuce mita 1 ba, da rarrafe ake shiga, kuma ɗakunan biyu da ke ciki ko mutum mai matsakaicin tsawo ba zai miƙe ƙafa a ciki ba.

A Orkney ɗin ne kuma muke da misalin da muka ga mutum yana rikiɗewa ya zama ƙato. Kolbein Hruga wani basarake ne ɗan asalin Norway da ya gina ƙaramar hasumiyar dutse a tsibirin Wyre wajen 1145, sunansa na cikin tarihin sarakunan Orkney, kangon ginin yana nan. Bayan 'yan ƙarnoni ya zama Cubbie Roo a bakin jama'a, ƙaton da ke taka tsibiri zuwa tsibiri yana jifa da manyan duwatsu.

Sai ƙattan da aka zana a jikin tuddai, ta hanyar yanke ciyawa a cika layin da farin alli. Na Cerne Abbas a Dorset ya fi shahara, namiji tsirara mai tsawon mita 55 riƙe da kulki. An daɗe ana gardama. Wasu sun ce gunkin haihuwa ne na kafin Romawa, wasu suka ce a ƙarni na 17 aka yi shi don a ci zarafin Oliver Cromwell, wanda ya mulki Ingila bayan yaƙin basasa, domin rubutu mafi tsufa da ya ambace shi na 1694 ne, inda cocin garin ya biya sule 3 a gyara shi. A 2021 hukumar National Trust mai kula da wurin ta fitar da sakamakon gwajin ƙasar da ke ƙarƙashin allin, gwajin da ke auna lokacin ƙarshe da ƙwayar yashi ta ga hasken rana. Ya nuna tsakanin 700 da 1100 Miladiyya. Ɓangarorin biyu duka suka faɗi. A 2024 masana tarihi biyu, Helen Gittos da Thomas Morcom, suka kawo hujjar cewa Hercules ne, jarumin almarar Girka, kuma wurin alama ce ta inda rundunar Wessex, masarautar Saxon ta yankin, ke taruwa lokacin hare-haren Viking. Na Wilmington a Sussex, mai riƙe da sanduna biyu, tonon 2003 ya nuna bai wuce ƙarni na 16 ko na 17 ba. Saboda haka kowane wuri sai an bi shi shi kaɗai, wani halitta ce, wani ginin mutanen farko ne, wani kuma jiya-jiya ne a ma'aunin tarihi.

Game da ƙasusuwa, mutanen da ba ƙarya suke yi ba idan suka ce sun gani. Suna tono ƙashin giwaye masu gashi na zamanin ƙanƙara da na wasu dabbobin da suka ƙare. A 1677 Robert Plot na Oxford ya buga zanen ƙarshen wani ƙashin cinya da aka samo a ma'aikatar fasa dutse a Oxfordshire. Ya gwada shi da na giwa ya ga bai yi daidai ba, sai ya yanke cewa na ƙaton mutum ne. Da iliminsa na lokacin ya yi ƙoƙari. Yau ana ganin na Megalosaurus ne, ƙatuwar dabba mai kama da ƙadangare da William Buckland ya raɗa wa suna a 1824. Hoton nan da ya fi yawo, na wani mutum yana haƙa a gefen ƙwarangwal mai ƙoƙon kai da ya fi shi girma, an haɗa shi ne da kwamfuta don wata gasar haɗa hotuna a 2002, daga hoton tonon ƙashin wata dabba dangin giwa a jihar New York ta Amurka. Daga baya aka riƙa liƙa masa sunan Saudiyya ko Indiya.

Ɗaiɗaikun dogaye na ban mamaki kuwa an yi su, kuma likitoci sun san dalili. Charles Byrne, ɗan arewacin Ireland, ya kai mita 2.31. Ya je Landan ana biyan kuɗi a kalle shi, ya mutu a 1783 yana da shekara 22. Ya san likitoci na harin gawarsa, ya bar wasiyya a jefa akwatinsa a teku, amma likitan fiɗa John Hunter ya bi ta bayan fage ya samu gawar. A 1909 Harvey Cushing ya buɗe ƙoƙon kan ya ga alamar ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwa, a wurin da ke sarrafa girman jiki. A 2011 gwajin haƙoransa ya nuna wata matsalar gado da wasu iyalai a Ireland ta Arewa ke ɗauke da ita har yanzu, kuma wannan ya taimaka ana gano masu ita da wuri a yi musu magani. Ƙwarangwal ɗinsa ya shafe wajen shekara 200 ana nuna shi a gidan tarihi na Hunterian da ke Landan. A 2023 aka sanar cewa an daina nuna shi ga jama'a, amma Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Ingila ta ci gaba da riƙe shi don bincike. Ni ra'ayina, tun da an riga an ɗauki abin gwajin da ake buƙata, ya kamata a cika masa wasiyyarsa.